Konadu Mai Fufu da Abin da Gyasi Ya Gani

Duk makanikin da ya yi aiki a Magazin ta Suame, unguwar masu gyaran mota a Kumasi, a shekarun nan ya san rumfar Maame Konadu, ko da bai taɓa zama a bencinta ba. Tana bayan layin masu fentin mota, kuma tun da hantsi ake jin dukan taɓarya daga ciki yana amsa wa gudumar masu gyaran bodi. Fufu take sayarwa da miyar gyaɗa da naman akuya, ran Juma'a kuma ta ƙara da dodon-koɗi. Mace ce doguwa mai ƙiba, murya gare ta kamar ta namiji, ga bakin ba da amsa. In wani ya ɗaga tsokar da ta sa masa ya ce, "Maame, wannan naman ai sai da gilashin ido," sai ta ce, "Kuɗin naka ma sai da na sa gilashi na gan su. Ci ka tashi, wani na jiran wurin." A kwashe da dariya, gobe kuma ya dawo.

A wani ƙauyen manoman koko aka haife ta, can wajen Offinso. Uwarta ta rasu tana ƙarama, ƙanwar uwar ta ɗauko ta zuwa Kumasi don ta riƙa yi mata daka a gidan abinci. A nan tafin hannunta ya yi kanta, a nan kuma ta koyi yadda ake juya fufu a turmi ba tare da taɓarya ta sami yatsa ba. A nan dai Boakye ya gan ta, direban babbar mota mai kai katako Wagadugu ya dawo da albasa. Mutum ne mai fara'a da sakin hannu, shi ya kama mata wurin rumfa a Magazin. Allah ya ba su 'ya ɗaya, Pokua.

Pokua na firamare Boakye ya fara ramewa. Danginsa suka ce hanta ce, wasu suka ce sammu ne abokan aiki suka yi masa. Aka zagaya da shi gidajen addu'a har ƙarfinsa ya ƙare, sannan aka kai shi asibiti, bai daɗe ba ya cika. Kafin a fitar da gawar wata nas ta ja Konadu gefe, ta ce akwai gwajin da ya kamata ta yi, ita da yarinyar. Jinin Pokua ya fito lafiya lau. Na Konadu kuwa akwai ƙanjamau a ciki.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta yi zaman makoki yadda aka saba, ta bar dangin miji suka kwashe abin da al'ada ta ba su. Ɗan yayar Boakye, wani saurayi ana kiransa Gyasi, shi ya gaji kawunsa, ya ɗauki ɗaki da rediyo da zannuwan marigayi, ba ta hana shi ba. Ta nemi wani ƙaramin asibiti can gaba da Ejisu inda ba wanda ya san fuskarta, ta yi rajista. In lokacin karɓar magani ya zo sai ta ce wa 'yan dakanta za ta ƙauye cinikin rogo da agade, kuma lalle da buhun rogo take dawowa. Maganin ya karɓe ta. Ta ƙara ƙiba ma, ta yi wa Pokua makaranta har ta gama sakandare ta shiga koyon ɗinki. Nas ɗin da ke kula da ita, Anti Dufie, ta sha gaya mata cewa cutar ta kwanta har ba a ganinta a gwaji, kuma dama can ba ta bin abinci ko cokali. Konadu takan ce, "Anti, ni na ji. Ki zo Magazin ki yi musu wannan karatun."

Haka shekaru suka tura, har ranar da Gyasi ya kai surukarsa wannan asibitin don ciwon ƙafa.

A lokacin Gyasi ya zama magidanci, amma bai tsaya da ƙafarsa ba. Ya yi tuƙin trotro, ƙaramar motar haya, mai motar ya karɓe makulli, ya yi dillancin kayan gyara aka kama shi da ha'inci, abin da ya rage masa shi ne cacar ƙwallo a waya. Bayan kwana biyu da zuwansa asibiti ya shigo rumfar da yamma, lokacin da cinikin rana ya lafa. Konadu ta zuba masa abinci kamar yadda ta saba, don ba ta taɓa karɓar kuɗinsa ba. Ya cinye, ya wanke hannu, ya yi sakace a tsanake, sannan ya matso.

"Maame, rogon Ejisu da kyau kuwa?"

"Da kyau mana. Ka fara ciniki ne?"

"A'a. Na dai ga inda kike saye ne."

Ya juyo mata da fuskar wayarsa. Ga ta nan zaune a benci, a ƙofar bayan asibiti, ƙarƙashin allon da ya faɗi sunan sashen ƙarara, da robar magani a cinyarta. Konadu ta dafa tebur.

"Gyasi, ni fa matar kawunka ce. A bayana ka yi barci kana ƙarami."

"To ai shi ya sa na zo wurinki, ban je wurin kowa ba," in ji shi, da murya mai taushi kamar mai lallashi. "Asirinki asirina ne. Sai dai kin san halin rayuwa, mai gida na neman fitar da ni, yara ba kuɗin makaranta. In mutum yana cikin damuwa, bakinsa kan suɓuce. Ki taimaka mini in riƙe bakina."

Ta kwance bakin zane ta ba shi cinikin ranar gaba ɗaya. Ya ƙirga, ya yi godiya har da rusunawa, ya ce shi ke nan, magana ta mutu.

Maganar ba ta mutu ba. Bayan mako ɗaya saƙon murya ya shigo wayarta: yaro ba lafiya. Ta tura masa ta waya. Sai kuɗin wuta, sai jana'izar wani aboki, sai kuma ya daina wahalar da kansa da neman dalili. "Maame, ina jira," shi ke nan. In ta yi jinkiri sai ya sake turo hoton, ba ko kalma. Duk saƙon da ya shigo, tana gama sauraro take gogewa, don kada Pokua ta ɗauki wayar ta ji. Ya fara zuwa da abokansa su cika benci guda, su zaɓi nama, su tashi ba biya. Yana ci yana ɗaga murya: "Abincin Maame akwai sirri a ciki! Ko ba haka ba, Maame?" Makanikai su yi dariya, ita ma ta yi yaƙe.

Ta sayar da zanen kente da Boakye ya saya mata, ta sayar da 'yan kunnen zinare. Ta rage nama a miya, ta sallami ɗaya daga cikin 'yan daka ta koma riƙe taɓarya da kanta. Abin da ya fi muni, ta daina zuwa asibiti. In Gyasi ya gan ta a can, wa ya san wanda zai gan ta gobe? Maganin da ke hannunta ya ƙare, ta ce sai an kwana biyu. Kwana biyu suka zama watanni. Tari ya kama ta, ƙuraje suka feso mata a wuya, zane ya fara yi mata yawa. Masu cin abinci suka fara tambaya, tana cewa hayaƙin murhu ne. Ta daina mayar da ba'a. Wani lokaci tana tsaye a kan tukunya sai ta tsinci kanta tana tunanin cewa in ta kwanta ba ta tashi ba, Gyasi ba shi da sauran abin sayarwa, Pokua kuma ta huta.

Anti Dufie ce ta yi ta kiran waya. Konadu ta ƙi ɗauka, ta ƙi ɗauka, ran nan dai ta ɗauka don ta ce a bar kiranta.

"Ba zan ce ki zo asibiti ba," in ji nas ɗin. "Ran Lahadi ina zuwa Kumasi wajen ƙanwata. Faɗa mini inda zan same ki, ko a gindin bishiya ne."

Suka haɗu bayan an tashi coci, a harabar wata makarantar firamare da ba kowa. Anti Dufie gajeruwa ce mai furfura, ba ta da yawan magana. Ta dubi wuyan Konadu, ta dubi zoben da ke zamewa a yatsarta, ta ce, "Maame Konadu, wa ke cin ki?"

Nan Konadu ta fashe. Ta yi kukan da ba ta yi ba ko a ranar binne mijinta. Nas ɗin ta bar ta ta gama, sannan ta ciro robar magani daga jaka ta sa mata a hannu.

"Wannan na farko. Na biyu, ba ke kaɗai aka taɓa yi wa haka ba, na ga irinsa sau da yawa. Ban taɓa ganin wanda aka biya ya ƙoshi ba. Ina saƙonnin nasa?"

"Na goge."

"Daga yau kada ki sake goge ko ɗaya. Kada ki zage shi, kada ki ce masa kin gaya wa wani. In ya matsa, ki ce sai kin haɗa. Ni aikina magani ne, wannan ya fi ƙarfina. Amma akwai wata lauya a Adum, ƙungiyarsu aikinta ke nan, ba sa karɓar ko sisi. Ni zan raka ki."

"Lauya? Anti, ai kin ce in je in hau hasumiya in yi shela ke nan."

"Dubi jikinki. Shirun da kike yi ma shela yake yi."

Ofishin yana saman wani shagon littattafai. Madam Birago, lauyar, matashiya ce da Konadu ta girme ta sosai, kuma ta rufe ƙofa kafin ta ce komai. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba. Ta karɓi wayar ta kwafe sababbin saƙonnin, ta nuna mata cewa duk kuɗin da ta tura ta waya suna da sawu, gogewa ba ta shafe su ba. Ta ce abin da Gyasi ke yi laifi ne da ake ɗaure mutum a kai, kuma doka ta hana a fallasa ciwon mutum ba da yardarsa ba.

"To in aka kama shi, zai yi shiru?" in ji Konadu.

Lauyar ta ajiye alƙalami. "Maame, ba zan yi miki ƙarya ba. Zan nemi a saurari shari'ar a ɗaki, ba a gaban jama'a ba, za a kuma karɓe wayarsa. Amma bakin mutane ba a hannuna yake ba. Maganar tana iya fita. Abin da na sani shi ne, ko kin ci gaba da biya tana iya fita, ranar da aljihunki ya bushe. Gara ta same ki a tsaye, da mutane a bayanki. Wa kike da shi a gida?"

"'Yata. Ba ta sani ba."

"To ta fara ji daga bakinki."

Wannan ya fi komai yi wa Konadu wuya. Ta zaɓi wata safiyar Asabar suna wanki a bayan gida. Ta faɗa tana kallon kumfa. Pokua ta tsaya da rigar a hannu, ruwa na ɗiga.

"Baba ma shi ya kashe shi?"

"Shi ne."

"Kika bar ni ina tsine wa abokan aikinsa duk shekarun nan? Ni fa? Ni ma ina da shi?"

"Ba ki da shi. An gwada ki tun kina ƙarama."

"An gwada ni ban sani ba. Gyasi ya sani, nas ta sani, lauya ta sani. Ni ce bare ke nan, Maa."

Ta jefar da rigar ta fita. Ta yi kwanaki tana kwana a shagon uwar ɗakinta, ba ta ɗaukar waya. Ta je ta sake gwajin da kanta. Ranar da za a je wajen 'yan sanda, Konadu ta fito tsakar gida ta same ta zaune a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa. Pokua ba ta gaishe ta ba. Ta dai karɓi jakar hannunta ta wuce gaba.

A lokacin Gyasi ya riga ya kai maƙura. Ya sami wani mai son buɗe shagon caca, ya ce Konadu ta bar masa wurin rumfar ta koma gida ta huta, tunda dama kawunsa ne ya kama wurin. Ya faɗa a saƙon murya, ya haɗa da abin da zai yi in ta ƙi: zai tura hoton ga ƙungiyar makanikai da matan cocinsu. Madam Birago ta kunna wa jami'ar 'yan sanda saƙon, jami'ar ta girgiza kai ta ce ya sauƙaƙa musu aiki. Aka ce Konadu ta kira shi ya zo tashar mota ya karɓi wani abu kafin a gama maganar rumfa. Ya zo da sabon takalmi yana murmushi. Yana miƙa hannu aka riƙe shi. Bai yi gardama ba, ya dai juyo ya dube ta, ya ce, "Maame, ni za ki yi wa haka? Ɗanki?" Abin mamaki, sai ta ji kunya ta kama ta, kamar ita ce ta yi laifin.

Washegari da tsakar rana, benci cike, uwar Gyasi ta iso rumfar da ɗankwali ɗaure a ƙugu. Tun daga layin masu fenti ake jin muryarta.

"Ina take? Fito, mayya! Kin sa wa ƙanena ƙanjamau kin kashe shi, yanzu kin kai ɗana kurkuku! Ku kuma ku ci gaba da ci, ku ci da kyau! Ku tambaye ta abin da take zuwa yi bayan Ejisu!"

Taɓarya ta tsaya. Konadu tana riƙe da ludayi, ta ga wani yana janye hannu daga kwano a hankali, yana goge yatsunsa a wando. Wani ya tashi ya ajiye kuɗi a bakin tebur, bai miƙa mata a hannu ba. Ita da ba a taɓa kayar da ita a magana ba, sai ta ajiye ludayin ta zauna. Pokua ce ta zo daga baya ta wanke kwanukan da aka bari da abinci a ciki.

Madam Birago ta aika wa tsohuwar da gargaɗi, ta kuma ce in Konadu na so za a haɗa da ita a ƙarar. Konadu ta ce a bar ta, uwa ce. Dattawan dangin miji suka yi ta aike, a janye magana a sasanta a gida, ba a kai jini gaban alƙali. Fasto ma ya zo ya yi mata wa'azin yafiya. Ta kusa amincewa, don ta gaji. Ta kira lauyar ta faɗa mata. Lauyar ta ce shawara ta Konadu ce, amma ta sani cewa a wayar Gyasi an sami hoton wata mata daban a benci ɗaya, ita ma yana karɓa a hannunta. Konadu ta ce a ci gaba.

A ɗakin alƙali aka yi shari'ar, ƙofa a rufe. Aka ɗaure Gyasi. Da aka fito Pokua ta ce, "Maa, mun ci nasara," Konadu ta ce ƙafafunta ke ciwo, su nemi mota.

Ciniki bai dawo ba. Wasu tsofaffin masta-masta sun ci gaba da zuwa, ɗaya ma ya riƙa turo yaran garejinsa da gangan, amma turmi biyu ya koma ɗaya, ɗayan ma ba ya ƙarewa. Uwar 'yar dakan da ta rage ta zo ta ɗauke 'yarta. Saurayin da ke neman Pokua bai gudu ba, sai dai uwarsa ta ce a dakata tukuna, kuma har yau ana dakatawa. Da damina ta kama Konadu ta sayar da wurin ga wani mai walda, ta koma soya agade da gyaɗa a wata tasha can hanyar Obuasi, inda masu saye matafiya ne, ba mai tambayar sunanta.

Jikinta ya dawo. Anti Dufie ta haɗa ta da wata mai ba da shawara, da kuma wasu mata masu irin ciwonta da ke taruwa sau ɗaya a wata. Da farko zama kawai take yi a can baya. Yanzu takan yi magana, musamman in aka zo da wadda ake yi wa barazana. Ba ta yi musu daɗin baki. Takan ce, "Ni na rasa rumfata, kada ki ce ban gaya miki ba. Amma wayata in ta yi ƙara yanzu ɗauka nake yi. Da na je wurin lauyar nan tun ranar farko, da ban kusa kashe kaina da hannuna ba."

Bara uwar Gyasi ta rasu. Ba wanda ya kawo wa Konadu sanarwa, a bakin wani kwandasta ta ji. Shekara da shekaru ba a yi jana'iza a gidan dangin mijinta ba sai ita ce a kan tukwane, kuma tare da tsohuwar suka yi wa Boakye wankan ƙarshe. Ran Asabar ɗin da za a yi jana'izar ta yi wanka, ta ɗaura baƙin zane da jan mayafi, ta fito har bakin titi. Motoci suka yi ta wucewa ana kiran unguwar marigayiyar, ba ta ɗaga hannu ba. Pokua ta biyo ta ta tsaya a gefenta.

"In za ki, mu je tare. In ba za ki ba, rana na dukanki."

Konadu ta ƙara tsayawa kaɗan. Sannan ta ce, "Mu koma. Ki taya ni ɓare gyaɗar Litinin."